Mutum Nawa Za a Iya Toshewa? Nazari a Kan Ƙayyade Jerin Toshewa a Wasannin Intanet

Tsakure

Wasannin bidiyo da ake bugawa da jama'a ta intanet galibi suna ba ɗan wasa damar toshe wanda ya addabe shi, amma da yawa daga cikinsu sun ƙayyade yawan mutanen da za a iya toshewa: 50 a World of Warcraft, 200 a Final Fantasy XIV, biyu kacal a jerin gudun abokan ƙungiya na Overwatch a 2018. Wannan takarda ta bi diddigin hujjojin da kamfanoni ke kafawa, ta auna su da abin da ya faru a wasanni huɗu. Ta gano cewa ayyuka uku ne mabambanta aka ɗora wa maɓalli ɗaya: hana jin magana, hana bibiya, da hana haɗuwa a wasa ɗaya. Na ukun ne kaɗai yake taɓa haƙƙin sauran 'yan wasa, don haka shi ne ya cancanci iyaka. Sauran biyun kariyar kai ce, wadda bai kamata a ƙayyade ta ko a sayar da ita ba.

1.0 Gabatarwa

A watan Yunin 2016, wata guda bayan fitowar Overwatch, daraktan wasan na lokacin, Jeff Kaplan, ya bayyana wa 'yan wasa dalilin da ya sa kamfanin Blizzard ya kashe wani maɓalli da suke ji da shi. Maɓallin yana ba mutum damar cewa kada a sake haɗa shi da wane. Kaplan ya ce ɗaya daga cikin gwanayen duniya wajen sarrafa Widowmaker, jarumar nan mai harbi daga nesa, ya kawo kukan cewa yana daɗewa a layi kafin ya samu wasa. Da aka bincika, sai aka tarar ɗaruruwan mutane sun sa shi a jerin waɗanda suke gudu. Bai zagi kowa ba, bai yi maguɗi ba. Laifinsa kawai ya fi ƙarfinsu.

Cutarwar ba ta tsaya a kansa ba. Idan jira ya yi tsawo, manhajar da ke haɗa 'yan wasa takan sassauta sharuɗɗanta, ta fara karɓar duk wanda ta samu. Ƙarshenta sai gwanin ya faɗa cikin waɗanda ba sa'o'insa ba, ya yi ta kakkaɓe su. Maɓallin da aka ƙirƙira domin a guje wa masu mugun hali ya koma makamin guje wa shan kashi.

Tun daga lokacin, wannan labari ya zama hujjar da ake yawan jawowa idan 'yan wasa suka tambayi dalilin ƙayyade musu jerin toshewa. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai akwai inda ta tsaya. Yarinyar da wani ya shafe watanni yana bin ta da saƙonnin batsa, ta je toshe sabon asusunsa aka ce mata jerinta ya cika, ba abin da ya haɗa damuwarta da ta gwanin Widowmaker. Manufar wannan takarda ita ce raba waɗannan matsaloli biyu, da nuna inda iyaka take da ma'ana da inda take zama zalunci.

2.0 Tsufan matsalar da girmanta

Muhawarar ta girmi yawancin masu buga gem a yau. A 1990 Pavel Curtis na cibiyar binciken Xerox PARC da ke Kalifoniya ya kafa LambdaMOO, wata duniyar intanet da babu hoto a cikinta, sai rubutu zalla. A 1993 wani mai amfani da sunan Mr. Bungle ya yi amfani da wata dabarar manhaja wajen rubuta ayyukan cin zarafi da sunan wasu mazauna wurin, a gaban jama'a. Marubuci Julian Dibbell ya ba da labarin a jaridar Village Voice a ƙarshen shekarar. Daga cikin abin da aka yi jayayya a kansa har da cewa ai akwai umarnin da mutum zai rubuta ya daina ganin maganar wanda bai so. Amsar da aka bayar ita ce, wannan umarni yana rufe idon wanda aka zalunta ne kawai, sauran mutanen ɗakin suna ci gaba da kallon wulaƙancin da ake masa. Daga bisani an goge Mr. Bungle, amma mai shi ya dawo da wani sabon suna.

Abubuwa biyun nan, wato toshewar da ke makantar da wanda aka cuta da kuma azzalumin da ke sauya suna ya dawo, su ne har yau masu ƙera wasanni ke fama da su.

Abin da ya sauya shi ne yawa. Ƙungiyar Anti-Defamation League ta Amurka ta yi binciken jin ra'ayi a 2019, inda kashi 74 cikin 100 na manyan da ke buga wasannin haɗaka ta intanet a ƙasar suka ce sun taɓa fuskantar wani nau'in tsangwama, kashi 65 kuma suka ce sun fuskanci mai tsanani, kamar barazana da bibiya. A binciken ƙungiyar na 2022 adadin farko ya kai kashi 86. Wani binciken da kamfanin Reach3 Insights ya yi tare da Lenovo a 2021 a kan mata 900 a Amurka da Sin da Jamus ya nuna kashi 59 cikin 100 nasu suna ɓoye cewa su mata ne idan suna wasa, domin guje wa fitina. Mutumin da ke cikin irin wannan yanayi, yana buga wasa ɗaya shekara biyar ko goma, cika jerin mutum 50 ba zai yi masa wuya ba.

3.0 Ayyuka uku a maɓalli ɗaya

Idan ɗan wasa ya latsa maɓallin toshewa, yana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku, ko duka.

Na farko, kada ya sake jin muryar wane ko ganin rubutunsa. Wannan bai rage wa kowa komai ba. Wasa yana ci gaba, layi bai ƙara tsawo ba, wanda aka toshe ma yana iya rashin sani. Abin da kamfani zai kashe a kai shi ne ajiye wasu lambobi da duba su idan saƙo ya shigo. Gaskiya ne a wasan da ke da miliyoyin asusu wannan ma aiki ne ga saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, kuma tsofaffin wasanni an gina su ne a zamanin da ma'ajiyar bayanai ke da tsada. Amma shafukan sada zumunta da suka fi kowane wasa jama'a suna barin mutum ya toshe dubbai.

Na biyu, kada wane ya iya bin sa: kada ya ga ko yana kan layi, kada ya turo masa gayyata, kada ya zo ya tsaya a gabansa a cikin garin wasa, kada ya shiga gidan da ya gina. Wannan ma bai tauye haƙƙin kowa ba, domin ba wanda yake da haƙƙin sanin inda wani yake.

Na uku, kada a sake sa su a wasa ɗaya. A nan ne lissafi yake sauyawa, domin zaɓin mutum ɗaya yana shafar jiran kowa da ingancin wasan kowa.

Yawancin rikicin da ake yi tsakanin 'yan wasa da kamfanoni ya samo asali ne daga cakuɗa ukun. Kamfani yana tsoron na uku, sai ya sa iyaka a kan duka. Ɗan wasa yana buƙatar na farko da na biyu, sai ya ga an hana shi kare kansa saboda dalilin da bai shafe shi ba.

4.0 Inda iyaka take da hujja

4.1 Lissafin layi

Ana iya ganin nauyin matsalar da ɗan misalin lissafi. A ɗauka mutum 200 ne a layi a daidai wani lokaci, ƙwarewarsu kusan ɗaya, wasan kuma biyar da biyar ne. A cikin mutum goma akwai haɗin bibbiyu guda 45, kuma dole kowanne ya kasance babu mai gudun ɗan'uwansa. Idan kowa ya toshe mutum 20 daga cikin 200 ɗin, warwatse ba tare da wani tsari ba, yiwuwar a ɗebo goma a dace ba ta kai ɗaya cikin dubu goma ba. Idan aka rage zuwa uku-uku, sai ta haura zuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Idan kuma aka ce gudun mutum uku-ukun ya shafi abokan ƙungiya kaɗai, haɗin da za a duba ya sauko zuwa 20, yiwuwar ta wuce rabi. Amma da a ce mutum 200,000 ne a layin, ko kowa ya toshe 20, kusan kashi 99 cikin 100 na ɗiban za su dace.

Manhajar haɗa wasa ba ɗiban kan mai uwa da wabi take yi ba, tana tantancewa. Sai dai duk lokacin da zaɓinta ya ragu, da ɗaya daga cikin abu uku take biya: ko a daɗe a layi, ko a haɗa gwani da ɗan koyo, ko a tura mutum saba mai nisa inda saƙo ke jinkiri. Kamar filin ƙwallon unguwa ne da yamma: idan yara goma sha biyu ne kawai suka fito, kowa kuma ya rantse ba zai buga da mutum uku ba, har a kira magariba ba a take leda ba.

Wannan lissafi ya nuna cewa lamba ɗaya ba za ta dace da kowa ba. Matsalar tana tsananta ne a inda jama'a suka yi ƙaranci: a ƙololuwar matakin gwanaye, da tsakar dare, da sabobin yankunan da 'yan wasa ba su da yawa. Dota 2, alal misali, tana da saba a Afirka ta Kudu, kuma jama'arta ba su kai na sabobin Turai ba. Jerin gudu da ba zai girgiza layin Turai ba yana iya tsayar da wasa cak a can.

4.2 Yadda Overwatch ya koma da dabara

Blizzard bai watsar da tunanin gaba ɗaya ba. A 2018 ya dawo da tsarin cikin sabuwar siga mai sharuɗɗa uku. Gudun ya shafi abokin ƙungiya ne kawai, don haka wanda ka guda yana iya fitowa a ɓangaren hamayya, kuma ba riba a gudun gwani. An fara da gurbi biyu, daga baya aka ƙara zuwa uku. Sunan da aka sa yana faɗuwa da kansa bayan kwana bakwai. An kuma tsara cewa wanda mutane da yawa suka guda zai ga gargaɗi, ya san cewa halinsa ne ke tsawaita masa jira.

Ko wannan bai tsira daga suka ba. Masu son jarumai irin su Symmetra da Torbjörn, waɗanda wasu ke ganin ba sa kawo nasara, sun koka cewa ana gudunsu ne saboda zaɓin jarumi. Duk da haka tsarin ya ɗore. A 2024, a Overwatch 2, an faɗaɗa shi zuwa gurabe 15: uku da mutum zai kafe su dindindin, sauran kuma na wucin gadi, waɗanda manhajar ke ba fifiko gwargwadon yadda layi ya ba da dama. Darasin shekara takwas ɗin shi ne, iyaka mai lanƙwasa bisa yawan jama'a ta fi lamba ƙanƙararriya amfani.

5.0 Inda iyaka ba ta da hujja

5.1 World of Warcraft da gurabe 50

World of Warcraft ya fito a 2004, kuma akwai mutanen da suka shafe shekara ashirin a cikinsa. Jerin waɗanda mutum zai yi watsi da su ya daɗe a kan gurabe 50. A wasan da masu tallar sayar da zinaren wasa da masu tallar taya cin mataki ke cika zauren hira, gurabe 50 suna ƙarewa kafin a zo kan masu zagi. Shi ya sa 'yan wasa suka rubuta ƙananan manhajoji na kansu, irin su Global Ignore List, domin su tsallake iyakar. Idan jama'a suka koma ƙera wa kansu kayan kariya, alama ce ta cewa na kamfani bai wadatar ba.

Dalilin da za a iya kawowa shi ne, jerin yana da aiki biyu: wanda ke cikinsa ba za a haɗa ka da shi ba a tsarin da ke tara ƙungiya ta atomatik domin shiga kurkukun dodanni. Ke nan tsoron aiki na uku ya hana faɗaɗa aiki na farko. Maganin a fili yake, a raba jerin gida biyu.

Wani gibin ya fi wannan daɗewa. Shekara da shekaru, toshewa tana kama jarumi ɗaya ne, alhali asusu ɗaya yana iya ƙirƙirar jarumai da dama. Mai bibiya yakan sauya jarumi ya dawo, kowace dawowa ta cinye wa wanda ake bi gurbi guda. Sai a watan Nuwamban 2021, da sabuntawar da aka yi wa lamba 9.1.5, toshewa ta fara kama dukan jaruman da ke asusun.

5.2 Final Fantasy XIV da kariyar da ta zama tarko

Kamfanin Square Enix na Japan ya ɗauki mataki mafi girma a watan Yulin 2024, da fitowar faɗaɗawar Dawntrail. Baƙin jeri mai gurabe 200 ya koma kama asusu gaba ɗaya, wanda aka sa a ciki kuma yana ɓacewa daga idon wanda ya toshe shi a cikin gari. An ƙara jerin kashe magana daban, da matatar kalmomi, da damar korar mutum daga gida. An bar abu ɗaya: tsarin tara ƙungiya yana iya haɗa su, kuma a can za su ga juna domin aikin ya yiwu. Rabon ayyukan da wannan takarda ke kira a yi, kusan shi suka yi.

Sai dai yadda aka gina shi ya ɓata rawar da tsalle. Domin kwamfutar ɗan wasa ta gane duk jaruman da ke asusun da aka toshe, sai saba ta riƙa turo mata wata lambar shaida ta asusun kowane mutum da ke kusa. Wani ya rubuta manhaja mai suna PlayerScope wadda ke tattara lambobin nan ta adana su wuri ɗaya. Da ita, ana iya gano cewa wannan jarumi da wancan duk na mutum ɗaya ne. Wadda ta gudu daga mai bibiyarta ta buɗe sabon jarumi da sabon suna, yanzu ana iya zaƙulo ta. A watan Janairun 2025 daraktan wasan, Naoki Yoshida, ya fitar da sanarwa cewa kamfanin yana duba yiwuwar neman a sauke manhajar da kuma ɗaukar matakin shari'a. An yi gyara a sabuntawa ta 7.2 a watan Maris, amma masana manhaja daga cikin 'yan wasan suka nuna cewa bai rufe ƙofar gaba ɗaya ba.

Wannan misali ya nuna cewa tambayar ba ta tsaya a kan yawan gurabe ba. Inda ake yin tantancewar ma yana da muhimmanci. Idan a saba aka yi ta, sirrin asusu yana hannun kamfani. Idan aka jibga wa kwamfutar ɗan wasa domin a sauƙaƙa wa saba, an miƙa sirrin ga duk mai iya buɗe ta.

5.3 Dota 2 da kariya ta kuɗi

Kamfanin Valve ya gabatar da damar gudun abokin ƙungiya a 2019 a cikin tikitin gasar The International da ake saye, daga baya ya mayar da ita cikin Dota Plus, rajistar wata-wata da aka ƙaddamar a 2018 a kan dala 3.99. Kashe muryar mutum kyauta ne a wasan, kuma hakan daidai ne. Amma sayar da gurbin gudu yana raunana hujjar kamfani da kanta. Idan lafiyar layi ce ta sa aka taƙaita, to gurbin mai kuɗi da na marar kuɗi nauyinsu ɗaya a kan manhajar haɗa wasa. Ɗalibin da ke tattalin kuɗin data a Kano ko Damagaram ba shi da ƙarancin buƙatar kauce wa mai ɓata masa wasa a kan ma'aikacin da ke Jamus.

6.0 Abin da toshewa ba za ta iya ba

Akwai haɗarin a ɗauka cewa dogon jeri shi ne maganin komai. Binciken da kamfanin Riot Games ya yi a kan League of Legends, wanda mujallar Nature ta ba da rahotonsa a 2016, ya rushe wannan zato. Tawagar kamfanin a ƙarƙashin Jeffrey Lin ta gano cewa kusan kashi 1 cikin 100 na 'yan wasa ne kawai suke da mugun hali kullum, kuma abin da suke haddasawa bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na dukan munanan kalamai ba. Mafi yawa suna fitowa ne daga mutanen da galibi lafiya lau suke, ran nan ne dai suka tashi da ɓacin rai.

Wannan yana da ma'ana biyu ga batun iyaka. Wanda ya zage ka sau ɗaya a wasan da ke da miliyoyin jama'a, da wuya ku sake haɗuwa, don haka kashe muryarsa nan take ya wadatar, gurbin gudu na kwana bakwai ma ya isa. Amma 'yan tsirarun nan masu naci, waɗanda ke bin mutum daga wasa zuwa wasa, su ne dalilin da ya sa ake buƙatar toshewa ta dindindin, mai kama asusu, marar iyaka.

Sannan toshewa ba ta hukunta kowa. Wanda aka toshe yana wucewa ne kan na gaba. Hukunci aikin kamfani ne. A 2023 Xbox ya ba da damar ɗaukar sautin daƙiƙa 60 a kai ƙara da shi, ya kuma fito da tsarin maki, inda wanda ya tara takwas zai rasa damar hira da wasan haɗaka na tsawon shekara. A shekarar ce kamfanin Activision ya sa manhajar ToxMod ta kamfanin Modulate ta riƙa sauraron hirar murya a Call of Duty tana miƙa abin da ta zarga ga ma'aikata.

A nan batun ya taɓo masu magana da harsunan da ba na Turai ba. ToxMod a Call of Duty ta fara ne da Turanci, sannan aka ƙara wasu harsunan Turai. Matasan da ke buga PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty: Mobile a wayoyinsu a Kano da Kaduna da Maraɗi suna hira da Hausa, suna faɗa da Hausa. Duk inda matatar kalmomi ba ta san harshe ba, mai duba ƙara ma bai san shi ba, ashar da gorin ƙabila ko na addini za su wuce salin-alin. Maɓallin toshewa ne kaɗai makamin da ba ruwansa da harshe, domin wanda aka zaga shi ke yanke hukunci. Taƙaita shi ya fi cutar da wanda sauran hanyoyin kariya ba su kai gare shi ba.

Dokoki sun fara shigowa, amma ba su kai ga wannan gaɓa ba. Ƙa'idar Apple mai lamba 1.2 ta wajabta wa duk manhajar da jama'a ke sa abubuwansu a ciki ta samar da hanyar kai ƙara da ta toshe masu cin zarafi, sai dai ba ta faɗi adadi ba. Birtaniya ta kafa dokar kare masu amfani da intanet a 2023, hukumar Ofcom ce ke aiwatar da ita, kuma ba yara damar toshewa da kashe magana yana cikin matakan da hukumar ta zayyana wa wasu shafuka da manhajoji. Wasan da ya ba da gurabe 50 yana iya cewa yana da maɓalli, ko da maɓallin ya daina aiki ga wanda ya fi buƙatarsa.

7.0 Shawarwari

Daga misalan da suka gabata, takardar tana ba da shawarwari biyar ga masu ƙera wasanni.

A raba jerin hana magana da bibiya daga jerin gudu a wasa. Na farko ya zama marar iyaka, ko mai faɗin da ba mai cika shi a aikace.

A sa toshewa ta kama asusu gaba ɗaya, a kuma yi tantancewar a saba, kada lambar shaidar kowa ta isa na'urar wani.

Jerin gudu ya taƙaita ga abokan ƙungiya, ya riƙa faɗaɗa ko tsukewa bisa yawan mutanen da ke layi, tare da 'yan gurabe na dindindin. Wanda kamfani ya tabbatar ana bibiyarsa a ba shi gurbi na musamman a kan mai bibiyar, wanda ba ya cikin ƙidaya.

Toshewa ta kasance a asirce. Mai bibiya da ya gane an toshe shi yakan ƙara ƙaimi ta wata hanya. Discord, inda ɗimbin 'yan wasa ke taruwa, ya fito da zaɓin yin biris da mutum ba tare da ya sani ba a watan Fabrairun 2025, saboda wasu, musamman matasa, suna jin tsoron abin da toshewa a fili za ta jawo.

Kada a sayar da kowane ɓangare na kariya. Kayan ado da tikitin gasa sun isa hanyar samun kuɗi.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa iyakar da ake sa wa jerin toshewa tana da tushe na gaskiya a wuri ɗaya, wato haɗa 'yan wasa, inda lissafi ya tabbatar da cewa gudu marar iyaka yana kashe layi a ƙananan al'ummomi. Ta kuma nuna cewa an shimfiɗa wannan hujja a kan hana magana da hana bibiya, inda ba ta da hurumi, kuma mata da yara da masu harsunan da manhajojin tacewa ba su sani ba su ne ke ɗaukar nauyin.

Aikin da ke gaban masu bincike a yanzu shi ne samun alƙaluman da kamfanoni ke riƙe da su: mutum nawa ne ke cika jerinsu, su wane ne, cikin wata nawa, kuma kashi nawa na guraben sababbin asusun mutum ɗaya ne suka cinye. Xbox ya fara wallafa rahoton yadda yake hukunta masu laifi tun 2022, ke nan fitar da irin waɗannan bayanai abu ne mai yiwuwa. Hukumomin da ke sa ido da shagunan manhaja na Apple da Google suna da ikon neman a haɗa da alƙaluman toshewa a cikin rahotannin. Jami'o'in Nijeriya da Nijar kuma suna iya fara nasu binciken a tsakanin masu buga gem a waya, su tattara irin kalaman da ake jifan juna da su da Hausa da yadda 'yan wasa ke kare kansu, domin a samu abin da za a ajiye a gaban kamfanonin idan an zauna tattaunawa.